Ranar da jan rubutu ya sauka a kan wanda ya biya bashinsa

Kawuna yana sayar da kayan masarufi a sari, kuma kamar yawancin 'yan kasuwa, rabin cinikinsa bashi ne. Ya shekara da shekaru yana rubuta masu ɗaukar kaya a wani dogon littafi mai baƙin bango, har ranar da ruwan sama ya shiga shago ya jiƙa shafuka. Daga nan ya ce tunda ni ne mai kwamfuta a dangi, in haɗa masa abin da zai riƙe lissafin a waya. Na haɗa masa 'yar ƙaramar manhaja ta Android. Ba wani abin a zo a gani ba ne, jerin sunaye ne kawai, kowane suna da kuɗin da ake binsa a gefe. Abu ɗaya ya roƙa: duk wanda bashinsa ya wuce wata guda, sunansa ya fito da ja.

Na yi, na gwada da sunaye shida, komai ya tafi daidai. Kwana uku bayan ya gama shigar da mutanensa ya kira ni. "Kai yaro, wannan abin naka zai haɗa ni faɗa da mutane." Da na je shagon sai ya nuna mini. Ya ja jerin ƙasa, ya dawo sama, sai ga sunan wani dattijo da ya biya kuɗinsa tun makon jiya ya zama ja. Ya sake ja, jan ya tashi ya koma kan wani. Saura kaɗan ya tura yaron shago gidan dattijon karɓar kuɗin da ba a binsa. Na ce, "Kawu, lissafin yana nan daidai, launin ne ke yawo." Ya ce shi launin yake karantawa.

Duk wanda ya taɓa gyara kamannin rubutu a jerin manhaja, girma ne ko launi ko kauri, ya san wannan ciwon. Tushensa kuwa yana cikin yadda waya ke gina jerin tun farko.

Mai kallo yana zaton in sunaye 500 ne a jeri, to layuka 500 ne a jere a cikin wayar, kamar shafukan littafin Kawu. Ba haka ba ne. Fuskar waya tana ɗaukar layi goma ko sha biyu a lokaci guda, kuma kusan iyakar layukan da manhajar ke ginawa ke nan, da ɗan rara. In ka ja jerin, layin da ya fita ta sama ba a jefar da shi. Ana ɗauko shi a kai shi ƙasa, a rubuta masa sabon suna, ya shigo kamar sabo. Allon makarantar allo ne sak: almajiri ba ya sayen sabon allo duk ranar da aka ƙara masa karatu, wankewa yake yi ya sake rubutu. In kuwa wankin bai fita ba, tawadar jiya za ta leƙo ta ƙarƙashin rubutun yau.

Dalilin wannan tsumulmular a fili yake. Waya mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa tana da wajen milidaƙiƙa 16 ne kacal ta gama zana kowane hoto. Gina sabon layi daga fayil ɗinsa na XML, wato fayil ɗin da ke bayyana tsarin layin, a auna shi, a nemo kowane gurbin rubutu da ke cikinsa, aiki ne mai cin lokaci. In za a yi shi duk sanda yatsa ya motsa, jerin zai riƙa tsalle yana maƙalewa, balle a ƙananan wayoyin itel da Tecno masu ƙaramin RAM da suka cika hannun mutanenmu. Shi ya sa tsohon ListView, kayan gina jeri na Android, ke miƙa wa mai haɗa manhaja wani tsohon layi da ake kira convertView duk sanda ya nemi a cika masa gurbi. Ma'aikatan Google biyu, Romain Guy da Adam Powell, sun yi dogon bayani a kan haka a taron Google I/O na 2010, kuma har yau sababbin shiga suna faɗa wa ramin da suka nuna.

Kuskurena shi ne na rubuta rabin umarni. Na ce in bashi ya wuce kwana 30, a mai da rubutun ja. Ban ce komai a kan wanda bai wuce ba, don a zatona rubutu baƙi ne tun asali. To baƙi ne a sabon layi. Layin da aka aro daga wani mai tsohon bashi kuwa da jansa yake zuwa, ni kuma na canza suna na bar launi. Da sunaye shida ba za ka taɓa ganin matsalar ba, domin duk sun shiga fuskar wayar, ba a ari layin kowa ba. Gyaran layi ɗaya ne na kod: in ba haka ba, a mai da shi launin asali.

Sauƙin gyaran shi ke ruɗar mutum ya ɗauka launi kaɗai abin ya shafa. Duk wata siffa da ka taɓa a layi ɗaya, dole ka faɗi matsayinta a kowane layi. In ka kaurara sunan wanda bai karanta saƙo ba, sai ka sirantar da na wanda ya karanta. In ka ja zare a tsakiyar sunan wanda ya biya, da alamar STRIKE_THRU_TEXT_FLAG, sai ka cire ta da hannunka a sauran, in ba haka ba za ta bi layin duk inda ya je. In ka ɓoye gurbin ƙarin bayani saboda wannan mutumin ba shi da shi, sai ka dawo da shi ga mai shi.

Akwai wani nau'in kuskuren da ya fi ba ni dariya, wanda yake girma a kan idonka. Mutum yana son ya ɗan ƙara girman rubutun wasu layuka, sai ya ce a ɗauko girman da ake da shi yanzu a ƙara biyu. Matsala biyu ce a nan. Ta farko, getTextSize mai faɗin girman tana ba da amsa da fiksel, wato ƙananan ɗigon da fuskar waya ke zana hoto da su, ita kuwa setTextSize mai sa girman, in ba ka faɗa mata ma'auni ba, tana ɗauka da sp, ma'aunin girman rubutu na Android, kake magana, don haka a wayar da fiksel ɗinta ke da yawa rubutun zai ninka sau biyu ko uku nan take. Ta biyu, duk sanda aka sake aron layin, sai a ƙara a kan wanda aka riga aka ƙara. Ka ja jerin sama da ƙasa sau huɗu, sai ka ga harafi ɗaya ya cika rabin fuska.

A 2014, tare da Android 5.0, Google ta fito da RecyclerView, wanda sunansa ma ya faɗi sana'arsa. Ya tilasta amfani da ViewHolder, wato ɗan akwatin da ke riƙe da gurabun rubutun kowane layi don kada a yi ta nemansu. Ya kuma raba aikin gida biyu a sarari: wuri ɗaya na gina layi, onCreateViewHolder, wuri ɗaya na cika shi, onBindViewHolder. Rabon yana da amfani in an fahimce shi. Abin da bai canzawa daga layi zuwa layi, a sa shi a wurin gini, sau ɗaya. Abin da ya dogara ga bayanin mutum, a sa shi a wurin cikawa, kuma a faɗe shi cikakke. Amma RecyclerView bai wanke maka allo ba, aro dai yake yi kamar na da. A iPhone ma haka labarin yake: UITableView na aron layuka, har Apple ta tanadi prepareForReuse don share abin da ya rage.

In layuka sun bambanta sosai, misali kan sashe mai cewa "Bashin wannan mako" da layin mutum ɗaya, ni ban ga amfanin yi wa layi ɗaya ado iri biyu da tarin sharuɗɗa ba. Gara a ce nau'i biyu ne, ta hanyar getItemViewType, kowanne da tsarinsa. Tsarin ba ya ara wa kan sashe layin mutum, don haka babu abin da zai zubo daga wannan zuwa wancan. Sabuwar hanyar Jetpack Compose, wadda ta kai sigar 1.0 a 2021, ta rage wannan ciwon kai ƙwarai, domin a jerinta mai suna LazyColumn ba ka riƙe layi a hannu kana canza masa kaya. Kana bayyana yadda layi zai kasance daga bayanin da aka ba shi ne, launi da girma duka, kowane lokaci. Wanda ya fara da ita zai iya shekara bai ga jan rubutu na yawo ba. Sai dai manhajoji masu ɗimbin yawa har yanzu a tsohon tsari suke, kuma wani ne zai gaje su.

To a ina ya kamata kamannin rubutun ya zauna tun farko? Yawancin masu koyo suna farawa da ArrayAdapter, mai zuba bayanai a jeri, da wani shiryayyen layi na Android mai suna simple_list_item_1, gurbin rubutu ɗaya tal. Yana aiki cikin minti biyar, sai ranar da kake son rage girma ko canza launi ka tarar layin ba naka ba ne, na tsarin ne. Wasu sai su shiga getView, wurin da ake cika kowane layi, su riƙa murɗa shi daga kod. Ya fi sauƙi ka rubuta naka fayil ɗin layin, ka sa girma da launi da tazara a can, ko ma a salo guda mai suna wanda duk jerin manhajar za su riƙa kira. Ranar da Kawu ya ce rubutun ya yi ƙanƙanta, wuri ɗaya na taɓa.

Launi ma yana da tarkonsa. Ka rubuta setTextColor ka ba ta R.color.ja kai tsaye, kod zai haɗu lafiya, amma rubutun zai fito da wani toka-toka maras kan gado. Abin da ka miƙa lambar shaidar launin ce a rumbun manhaja, ita kuwa ta ɗauki lambar a matsayin launin kansa. Sai ka bi ta ContextCompat.getColor tukuna. Sannan tun da Android 10 ta kawo yanayin duhu ga tsarin gaba ɗaya a 2019, rubuta "baƙi" da hannu ya zama ganganci: mai wayar ya kunna duhu, bango ya yi baƙi, rubutunka ma baƙi, jerin ya zama kamar babu kowa. Abin da ake yi shi ne a ce rubutun ya ɗauki launin jigon manhajar, textColorPrimary ga babban layi, textColorSecondary ga na ƙasa, jigon ya san na rana ya san na dare. Ko jan gargaɗin ma yana bukatar siga biyu, domin jan da ya yi kyau a farin bango yana nutsewa a baƙi.

Maganar girma ita ce inda nake yawan saɓawa da masu zanen manhaja. Android tana da ma'auni biyu masu kama da juna. Akwai dp, wanda ke daidaita girma tsakanin wayoyi masu yawan fiksel daban-daban, an gina shi a kan fuska mai ɗigo 160 a inci. Akwai kuma sp, wanda yake daidai da dp amma yana ƙara bin zaɓin mai wayar: in ya shiga saiti ya ƙara girman rubutu, duk abin da aka auna da sp zai ƙaru. Masu zane da yawa suna ƙin sp a jeri don yana ɓata musu tsari, sai su sa dp a rubutu ko su kulle girman. Kawu ya haura sittin, tabaraunsa kullum yana gida, kuma ɗansa ya daɗe da kai masa girman rubutun waya ƙarshe. Manhajar da ta yi biris da wannan zaɓi, ta yanke hukunci ke nan cewa kyan tsarinta ya fi idonsa muhimmanci. Ni ban yarda ba.

Amma bin sp yana da farashi, kuma dole a biya. Daga Android 14, wadda ta fito a 2023, mai waya na iya kai girman rubutu har kashi 200 cikin ɗari. An yi dabara a ciki: ƙananan rubutu sun fi ƙaruwa, manyan kanu ba sa ninkawa daidai da su, don kada kan shafi ya cinye fuska. Duk da haka, in ka kafe tsayin layi a kan dp 56, wanda shi ne tsayin layi mai rubutu ɗaya a ƙa'idar zane ta Google mai suna Material, rubutun da ya ninka zai yanke a gindi. Wutsiyar g da y za su ɓace. Maganin shi ne ka mai da 56 ɗin mafi ƙarancin tsayi, ka bar layin ya miƙe in rubutu ya nema. Jerin zai ɗauki mutum biyar a fuska maimakon goma, kuma wanda ya zaɓi hakan ya san abin da ya zaɓa.

Sai batun yanke dogon suna. Al'adar da aka saba ita ce layi ɗaya, in suna ya yi tsawo a yanke ƙarshensa a sa ɗigo uku. A jerin Kawu wannan ya zama bala'i, domin mutum biyar a jere duk sun fara da Alhaji Muhammadu, abin da ya raba su, laƙabi ko sana'a ko unguwa, yana can ƙarshe inda aka yanke. Android ta ba da damar yankewa a farko ko a tsakiya, amma waɗannan a rubutu mai layi ɗaya kaɗai suke aiki. Ni na bar suna ya kai layi biyu, na kuma fitar da laƙabin zuwa nasa gurbin da kauri, tunda da shi Kawu ke kiran mutum. Kuɗin kuwa ban yarda a taɓa yanke shi ba ko da harafi ɗaya: ₦150,000 da aka gutsure wa sifili ya zama wani labari. Na jingina lambobin a dama, na kunna siffar tnum da ke sa kowace lamba ta ɗauki faɗi ɗaya, don dubbai su tsaya a ƙarƙashin dubbai kamar a littafi.

Inda mai rubuta Hausa ke da nasa ƙarin ciwon shi ne zubin haruffa, wato font, salon da aka zana haruffa da shi. Tun Android 8.0 a 2017 ake iya ajiye fayil ɗin zubi a rumbun manhaja a kira shi daga XML, abin da ya kawar da tsohuwar ɗabi'ar loda zubi a cikin getView, wadda ke sa wayar ta sake karanta fayil ɗin a kowane layi. Sauƙin ya sa kowa na ɗauko zubi mai kyan gani daga intanet. Yawancinsu an zana su ne don harsunan Turai. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa a warwatse suke a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa: ƙ tana U+0199, ƴ da ake rubutawa a Nijar tana U+01B4, su kuwa ɓ da ɗ suna can cikin rukunin alamomin furuci, U+0253 da U+0257. Mai zanen da ya tsaya a haruffan Faransanci da Jamusanci ba zai kai can ba.

In zubin ba shi da harafin, Android tana aro shi daga wani zubin na tsarin. Kalmar za ta karantu, amma ƙ ɗin za ta fito da wani jiki daban, siririya a tsakiyar masu kauri, ko ta ɗan fi su tsawo, kamar baƙo a hoton dangi. A rubutu ɗaya ba za a damu ba. A jeri, inda ido ke gangarowa a kan kalmomi masu kama da juna, abin yana tsone ido a kowane layi na uku. In babu inda za a aro kuma, sai ɗan akwati fanko. Ana kuma mantawa da manyan baƙaƙe: zubi na iya samun ƙ ya rasa Ƙ, sai ranar da ka sa kanun sassa su zama manya duka ka gane. Kafin in karɓi kowane zubi yanzu, sai na liƙa masa Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ da ƙanananu, a siriri da mai kauri, da alamar naira. Noto na Google da Andika na SIL suna ɗauke da haruffan. Cire lanƙwasar don a huta ba mafita ba ce, tunda baki daban ne da baƙi, kasa daban ce da ƙasa.

Wannan ya sake tasowa a wurin bincike. Na so in Kawu ya buga wasu haruffa, ɓangaren sunan da ya dace ya fito da kauri a jerin. Ana yin haka da SpannableString, wanda ke ba ka damar yi wa wani yanki na rubutu ado daga harafi na kaza zuwa na kaza ba tare da raba gurbin ba. Sai dai Kawu ba ya buga lanƙwasa, "dan" yake rubutawa yana neman "ɗan". Dabarar da ake yi wa é ta Faransanci, a raba harafi da alamarsa a jefar da alamar, ba ta aiki a nan, domin a Unicode ɗ harafi ne guda mai zaman kansa, ba d da wani abu a kanta ba. Dole ka yi naka teburin musaya, ɗ zuwa d, ƙ zuwa k, ɓ zuwa b, ka yi binciken a kwafin, sannan ka ɗora kaurin a ainihin sunan. Tunda harafi ɗaya ne ke maye ɗaya, tsawon bai canza ba, wuraren sun dace. Inda na sha wuya shi ne 'y, wadda alama biyu ce, ga shi ita kanta waƙafin saman iri uku nake tararwa a sunayen da aka shigar, gwargwadon madannin da aka buga da shi. In ka share ta a kwafin, duk lissafin wurin ya goce da ɗaya, kaurin ya sauka a harafin kusa.

Na ƙarshe da na gyara shi ne rubutun ƙasa, wanda ke nuna ranar da aka ɗauki kaya. Na sa shi toka mai haske, #999999, don a ɗakina ya yi kyau. A ƙofar shago da rana tsaka, a wayar da gilashinta ya sha karce, ba a ganinsa sam. Ƙa'idar WCAG ta W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, tana neman bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1. Tokata ba ta kai 3 ba. Sai wajen #767676 ake tsallake layin a farin bango, ni kuma na wuce nan da nisa saboda rana. Na kuma daina dogara ga ja shi kaɗai, tunda akwai waɗanda ba sa rarrabe shi da kyau: yanzu kusa da sunan ana rubuta "kwana 43" da kauri.

Da na mayar masa da wayar, na riga na zuba mata sunayen gwaji 300, na kai girman rubutu ƙarshe, na kunna duhu na kashe, na ja jerin da gudu sama da ƙasa har yatsana ya gaji. Kawu ya karɓa, ya nemo sunan dattijon nan, ya ja ƙasa, ya dawo, ya sake ja, ya dawo. Sunan yana nan baƙi. Sai ya ce to yanzu in sa masa kore ga waɗanda ke biya kafin lokaci, don yana son ya san wanda zai ƙara wa kaya.